Karkataccen Bargon Kaka

Zuwa ga jikata Gaggawa,

Matar Direba ce take rubuta mini wannan, maƙwabciyarmu ta ɗakin bakin ƙofa, mai yawan dariyar nan da kika sani. Ga ta zaune a tabarma da biro, ni ina bakin gado. Na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda yake, kar ta yi masa kwalliya. Mijinta ne zai kawo miki, tunda motarsa tana bi ta garinku.

Ina gaishe ki. Ina fata kina lafiya, ke da matan da kike koya wa ɗinki. Ni dai da sauƙi. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Idon da aka yi wa aiki yana gani kamar ta bayan labule, ɗayan kuwa tuni ya yi sallama. Babanki lafiya lau, sai tumbi. Gaisuwa ta ƙare.

Kar ki ce me ya hana a kira ki a waya. A rubuce kika ci mini mutunci, a rubuce zan ba ki amsa.

Ina zaune a ƙofar gida ina shan hantsi, sai ga Tela Mai-tari, wanda nake kwasar ragowar ƙyallaye a shagonsa tun babanki bai yi gemu ba. Ya zo yana tari yana dariya, ban san wanne zai kashe shi ba. Ya ce, "Mai-bargo, ashe kin yi suna! Ashe karkataccen ɗinki ne sirrinki, kika bar mu muna ta wahalar awo?" Na ce, "Kai tsohon banza, me ka sha da safen nan?" Sai ya zaro waya. Matar Direba ta karɓa, ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton ya yi girma, ta kawo mini dab da ido.

Gaggawa, bargon nan ne. Wanda na ɗinka miki da za ki tafi karatu, lokacin da yanar ido ta rufe mini duka biyu. Kin buga masa ƙusa a bangon shagonki, kin haska masa fitila kamar gawar da ake son a gane. A gefensa ga wata takarda, wai abin da shagonki ya tsaya a kai. Aka karanta mini. Wai, "Kakata ce ta koya mini karkataccen ɗinki ba abin kunya ba ne. A shagon nan ba ma warware kuskure."

Ni? Ni na koya miki? A wane ɗaki? Ina barci ne ko ina farke?

Ke kin san ban taɓa ganin bargon nan ba? Da laluben hannu na yi shi, Matar Direba ce take zura mini zare a allura. Ban taɓa ganinsa da idona ba sai ran nan, a wayar Tela, mutane suna leƙowa ta kafaɗata. Layi ya tashi nan ya nufi can kamar mashayi yana neman ƙofar gidansu. Ja ya hau kan kore, kusurwa ta ƙi haɗuwa da kusurwa. Na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa.

Me na ce miki ranar da na sa shi a jakarki? Na riƙe hannunki na ce, "Ki rufa da shi, kar ki nuna shi. Idan baƙi sun shigo ki ninke ki tura ƙarƙashin katifa." Kika ce, "To, Kaka." Da bakinki. Ashe to ɗin naki na yau da gobe ne.

Duk unguwar nan a tambaya, wa ya taɓa ganin layina ya kauce? Idan mai saye ta zo, ba na nuna mata fuskar bargo. Fuska ta yara ce. Juya mata baya nake yi, in sa mata gefe a hannu, in riƙe gefe, in ce, "Ja." Ta ja har ta gaji. Sannan in ce ta bi layin da yatsa. Haka na yi aiki har gashina ya yi fari. Barguna nawa na yi da za ki iya ratayewa in ɗaga kai? Sai guda ɗayan da na yi a makance shi kika zaɓa.

Ki sauke shi. Ki cire sunana a takardar nan. Ban ce gobe ba.

Kakarki.

Daga mai rubutu: Gaggawa, kar ki damu. Kin san halin tsohuwa, faɗanta a baki ne. Ni dai na ga sau biyu tana cewa a sake nuna mata hoton. Ina jin daɗi ne ya yi mata yawa. Allah ya ƙara kasuwa.

*

Kakata ta kaina,

Na gaishe ki da kyau, ya gwiwa, ya idon? Ki daure da maganin ɗigawar nan, na san kina ɓoye shi a bayan madubi. Ki gaida Baba, ki ce ya rage zama.

Wasiƙarki ta zo, na karanta ina dariya har matan shago suka ce in karanta musu. Wajen mashayin nan mai neman ƙofa, wata sai da ta ajiye almakashi ta riƙe ciki. Da farko na ɗauka da gaske kike, amma da na ga abin da Matar Direba ta ƙara a ƙasa, cewa daɗi ne ya yi miki yawa, sai hankalina ya kwanta. Na san ki, Kaka. Ko ruwa aka ba ki sai kin ce kofin ya yi nauyi.

Bari in yi miki bayani. Masu sana'a irin tamu yanzu, kowa yana rubuta abin da ya yi imani da shi a kan aikinsa, ya manna a shago, ya sa a waya, don mai saye ya san da wa yake hulɗa. Na daɗe ina rubutawa ina yagewa. Ga shi duka, tunda guntu aka karanta miki:

"A nan ba ma zubar da ƙyalle. Abin da tela ya share ya tara a kwana, shi ne jarinmu. Da hannu muke ɗinki, shi ya sa ba za ki samu jaka biyu iri ɗaya ba, kar ki tambaya. Duk macen da ta shigo tana cewa ba ta iya komai ba, za mu ba ta kujera da allura. Kakata ce ta koya mini karkataccen ɗinki ba abin kunya ba ne. A shagon nan ba ma warware kuskure. Wannan bargon nata ne."

Kaka, tun da na rataye shi mutane suke tsayawa. Da can wucewa suke yi, su ɗauka wurin gyaran tsofaffin kaya ne. Wata mata ta tsaya a gabansa har ta yi hawaye, ta ce ya tuna mata da uwarta. Yanzu tana zuwa koyo. Kin zama tauraruwa, sai ki yi haƙuri. Tela Mai-tari hassada ce take damunsa.

Na aiko miki da mayafi mai taushi, irin wanda ba ya zamewa.

Jikarki mai ƙaunarki.

*

Ke Gaggawa,

Har yanzu Matar Direba ce da biro, don ba ni da wata. Amma yau na sa Tela Mai-tari ya zauna a kujera, idan ta gama ya karanta mini daga sama har ƙasa. Kin ga inda kika kai ni? Mutumin da ya yi mini dariya shi ne shaidata. Ita kuwa Matar Direba da bakinta ta tona kanta. Tana karanta mini wasiƙarki ta zo wajen sunanta, sai ta fara in-ina, wai rubutunki ne ya cakuɗe. Na ce, "Karanta, munafuka." Rubuta, ai ke na faɗa wa. Rubuta munafuka.

Lafiyata ƙalau. Kar ki ƙara tambayar gwiwata.

Wato wasiƙata kika karanta wa mata suna riƙe ciki. Na yi kuka a takarda, kin mai da ni mai ba da dariya. Madalla.

Zauna in gaya miki abin da ba ki sani ba, ke mai rubuta abin da kika yi imani da shi. Lokacin da kakanki ya rasu, babanki yana rarrafe. Ba ni da keke, ba ni da yadi. Allura ɗaya gare ni da buhu. In bi shagunan teloli da yamma lokacin shara, in tsuguna ina tsintar abin da suka zubar. Yara suna bina suna cewa ga mai tsumma. Akwai matar wani mai shago, Allah ya ji ƙanta, ta ga bargona na fari a kan igiya ta ce, "Wannan ai shimfiɗar kare ce." Na sauke abina daga igiya. Na koma ɗaki na zauna da zare da gawayi, ina ja wa kowane ƙyalle layi kafin in soka allura. Abin da ya kauce in farke. Ya sake kaucewa in sake farkewa. Yatsan nan nawa har yau ba ya jin zafin tukunya saboda sukar allura. Sai da na kai matar nan da kanta ta aiko a yi wa 'yarta bargo, na juya mata baya na ce ta ja.

Kin gane? Ƙyallen da na tsinta da wanda mahaukaci yake ɗaurawa duk a bola ɗaya suke. Abin da ya raba ni da mai tsumma layin nan ne. Shi kaɗai. Da shi na ciyar da ubanki, da shi aka daina ce mini mai tsumma aka koma Mai-bargo.

Ke kin yi karatu, kina da shago mai gilashi da fitila. A wurinki karkata ado ce. Masu kuɗi su tsaya su yi hawaye su ce wayyo, hannun talaka. Ni a wurina karkata yunwa ce. Matar da ta yi kuka a gaban bargona, ki tambaye ta, da uwarta za ta yarda a rataye nata?

Kuma ƙarya kika yi mini. Wannan ya fi ci mini rai. Kina so ki ce ba kwa warware kuskure, ki ce da bakinki, shagonki ne. Me ya sa sai kin ɗauko tsohuwa kin sa mata maganar da ba ta taɓa yi ba? Don ba na karatu, kin ɗauka ba zan ji ba?

Tela yana cewa in sassauta. Kai, yi tarinka ka yi shiru.

Ki sauke shi ki aiko mini da abina. Zan farke shi ƙyalle-ƙyalle da hannuna, in mayar da shi buhu inda ya fito. Idan kin ƙi, ki nemi wata kakar a cikin masu hawayen nan.

Mayafinki yana nan a leda, ban buɗe ba.

Mai-bargo.

*

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji shiru, Direba ma ban gan shi ba kwana biyu, sai na ba wata mai kawo mana zare wannan ta biya ta ajiye miki. Shirun naki na ɗauka kin huce ne, don na san da kina da sauran faɗa da tuni ya iso.

Albishirinki. Na kai an buga mana 'yan ƙananan takardu da za mu riƙa ɗaurawa a jikin kowace jaka, da hoton bargonki da maganar nan taki a ƙasa. Yanzu duk inda jakarmu ta shiga, kin shiga. Na kuma sa an rubuta bayanin a babban allo, ana hango shi daga titi. Ga guda ɗaya na sa miki a ciki ki gani.

Mayafin ya yi miki?

Jikarki.

*

Babu gaisuwa.

Matar Direba, rubuta babu gaisuwa, haka na ce.

Na ba ki labarin bola da buhu, abin da ko ubanki ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba. Amsarki ita ce ki buga kunyata a takarda ki ɗaura wa jakunkuna, har ki aiko mini da ɗaya in gani. Na gani. Na sa ta a murhu.

Ni na goya ki da uwarki ta rasu. Bayan nan nawa ya san nauyinki. Ban san abin da na goya ke nan ba.

Ga mayafinki nan. Kar ki ƙara rubuto mini.

*

Kaka,

Ina gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba. Ina fata jikinki lafiya.

Wasiƙunki biyu tare suka iso yau, ɗaya duk baƙin mai. Motar Direba ce ta lalace, ta daɗe a gareji da wasiƙarki a aljihun gaba, shi kuma bai gaya wa matarsa ba don kar ta yi masa faɗa. Wallahi ban ga labarin buhun nan ba lokacin da na buga takardun. Da na gani da ban buga ba. Ki tambaye shi, yana tsaye a nan yana sosa ƙeya.

Na sauke bargon. Na sauke allon. Takardun suna cikin kwali a ƙarƙashin tebur. Bangon babu komai sai ƙusa. Matan suna tambayata me ya faru, na ce su yi aikinsu. Alkawarin da na yi miki na karya shi, wannan ba ni da ta cewa.

Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni ma ki saurare ni, kuma Matar Direba, don Allah kar ki tsallake ko kalma ɗaya.

Kin san ba ni da abu ko ɗaya da na ɗinka ina yarinya? Ko ɗaya. In zauna tun safe ina haɗa ƙyalle huɗu, in kawo miki ina murna. Ki karɓa, kina hira da maƙwabta, ko fuskata ba kya kallo, ki sa reza ki bi layin, ki zubo mini su a cinya ki ce, "Sake." Kika sa mini suna Gaggawa har kowa ya manta sunana na gaskiya. Akwai 'yar jakar da na yi wa Baba ta sa carbi, na ɓoye a ƙarƙashin matashi don kar ki gani. Kika gano ta. Kin tuna? Ni na tuna. Daga ranar na daina taɓa allura, sai da na bar gida.

Kin san abin da ya dawo da ni? Bargon nan. A ɗakin makaranta na kwanta zazzaɓi, ba kowa, na ja shi na rufa, ina kallon layukan. Na ce, matar da ba ta yafe wa kowa kaucewar zare ɗaya ba, ita ce ta zauna ba ta gani, ta san sarai zai karkace, ta san ba za ta iya gyarawa ba, kuma ta yi, don kar in ji sanyi. Da kin ga dama da kin ce ido ya ƙare, a saya mini na kanti. Abin da nake nufi ke nan da na ce kin koya mini. Ba da baki ba.

Matan da suke zuwa wurina, akwai wadda hannunta yake rawa tun da ta yi ciwo. Akwai wadda mijinta ya shekara yana ce mata ba ta iya komai ba. Idan na sa musu reza ranar farko, ba za su dawo ba. Na sani, don ni ma ban dawo ba.

Kin ce abin da ya raba ki da mai tsumma layi ne. To ni abin da ya raba shagona da sauran shaguna maganar nan ce, kuma na cire ta saboda ke. Ban san abin da zan rubuta a wurin ba.

Ga bargonki. Ga sabuwar reza a ciki, na naɗe ta a takarda kar ta yanke ki. Ki farke. Kin saba.

Gaggawa, tunda shi kika sani.

*

Zuwa ga jikata,

Matar Direba ce dai. Sun shirya da mijinta bayan ta kusa cinye shi ɗanye. Tela Mai-tari yana nan a kujerarsa, yanzu ko ba a kira shi ba zuwa yake.

Ina gaishe ki. Gwiwa ta matsa mini kwanan nan, tunda kin iya tambaya. Maganin ido ina ɗigawa, kuma ba a bayan madubi yake ba, 'yar sa ido.

An karanta mini taki, ba a tsallake komai ba. Kin iya rashin kunya. Wai kin saba. Da kina kusa da kin ji abin da na saba.

Kar ki zaci haƙuri zan ba ki. Ɗinkinki na yarinta idan aka hura masa iska sai ya rabu. Jakar carbin nan, da ubanki ya sa abu a ciki da a titi zai tsince shi. Na tuna ta. Shuɗiya ce da bakin rawaya. Kin ga ni ma ban manta ba.

Bargon ya zo. Na sa an shimfiɗa mini shi a tsakar gida da rana tsaka, na kwance rezarki, na ce yau sai buhu. Na kama gefe, na sa reza, na cire ƙyalle ɗaya na kusurwa. Gaggawa, sai da na yi gumi. Zaren ya ƙi bin reza. Ka yanke nan, can ya riƙe. Na ce wace 'yar taurin kai ce ta yi wannan? Tela ya ce, "Ke ce." Na ce ban tambaye ka ba.

Sai hannuna ya yi abin da ya saba, ban ma sani ba. Na juya shi ta baya. Na bi shi da yatsa. Ashe da na ga ba na gani, kowane taku sai na koma na ɗaure shi, don ina tsoron kar ya ɓalle miki a inda ba ni. Ƙulli a kan ƙulli. Na ba Tela gefe, na ba Matar Direba gefe, na ce, "Ku ja." Suka ja. Na ce, "Ba ku ci abinci ba ne? Ku ja!" Tela ya ja har tarinsa ya taso ya zauna a ƙasa daɓas. Shekara da shekaru kina wanke shi wankin gaggawa irin naki, ko zare ɗaya bai ce uffan ba. Na ce wa Tela, "To, yi dariyar mana." Ya ce numfashi yake nema.

Har yanzu mummuna ne. Kar ki ce na ce yana da kyau. Mashayi ne, amma mashayin da ba ya faɗuwa.

Kuma har yanzu ƙarya kika rubuta. Wa ya ce miki ban warware ba? Tambayi wannan mai biron, ita take zura mini zare. Bargon nan na farke shi ya fi a ƙirga. Duk inda yatsana ya ji sako-sako, sai na koma. Karkata ce ban gani ba, amma rauni ina jin sa. Idan kika gaya wa matan nan ba a warware komai, ranar da hannun jaka ya tsinke wa wata a titi, ba ke za a zaga ba, mai rawar hannun nan za a zaga, ta koma gida ta ce ashe mijina ya yi gaskiya. Kar ki sa musu reza ranar farko, na ji. Amma ki ba su gefe su ja da kansu.

To ga abin da za ki rubuta a allonki, idan har sai kin sa ni a ciki. Matar Direba, manya-manya. "Kakata ba ta son karkataccen ɗinki, har gobe. Wannan ta yi shi ne ba ta gani. Ku juya bayansa ku ja. A shagon nan idan ya karkace mun bar shi, idan ya saki mun sake." Haka. Kar ki ƙara masa gishiri. Tsofaffin takardun nan na kwali ki kunna wuta da su.

Kuma ta baya za ki rataye shi, ƙullin yana kallon titi. Ƙasa-ƙasa, inda hannu zai kai. Mai son hawaye ta ja tukuna.

Saura magana ɗaya. Zan dawo miki da bargon a leda, ƙyallen da na cire na kusurwa yana ciki, da allura da zare. Ban mayar ba. Ke za ki mayar da shi da hannunki. Ki yi a hankali ko ki yi da gaggawa, ruwanki. Idan kin zo ki taho da shi in taɓa. Ko ya nufi gabas ya dawo yamma, ba zan sa masa reza ba. Na faɗa a gaban shaidu biyu, ɗaya munafuka ɗaya mai tari.

Amma zan ja.

Ki dawo mini da mayafina, ai ba ke na ba wa ba, fushi na ba wa. Kuma sunanki na gaskiya ban manta ba, ni na zaɓa. Sai kin zo zan kira ki da shi, ba a takarda ba.

Na gaji. Ɗauke wannan rezar daga nan kar wani ya taka. Rufe biron.

Daga mai rubutu: Ta jingina da bango, bargon yana kan cinyarta, tana shafa wurin da babu ƙyallen. Tela ya karanta mata, ta gyaɗa kai. Wannan karon ban ƙara komai ba.